Ruwa, Kacala da Kwamfuta a Fadamar Haɗeja

Duk wanda ya san fadamar Haɗeja, daga Kirikasamma zuwa Guri da Birniwa, ya san ciyawar kacala. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da dama. Wannan ya ba kacala damar yaɗuwa har ta toshe hanyoyin ruwa, irin su mashigar Marma.

Yaya ciyawa ke tare kogi? Idan ruwa ya tunkuɗi karan kacala, sai karan ya lanƙwashe, lanƙwasar kuma ta sauya tafiyar ruwan. Wato kowanne yana juya ɗan'uwansa. Inda ta yi duhu, gudun ruwa yakan ragu, laka ta kwanta, gindin kogi ya taso, wata kacalar ta sake tsirowa. Daga nan sai ruwa ya fasa gefe ya cinye gonakin shinkafa, alhali na gaba suna kukan rashinsa.

Masana sukan kwaikwayi irin wannan hali da lissafi. Sukan kasa kogi gida-gida a cikin kwamfuta, su ƙididdige gudun ruwa da ƙarfinsa a kowane gida, bisa ƙa'idojin da Navier da Stokes suka shimfiɗa a ƙarni na 19. Hanyar tana da inganci, amma takan ɗauki kwanaki, ambaliya kuwa ba ta jira.

A nan ne dabarar koyar da kwamfuta ta shigo. Akan ba ta sakamakon lissafe-lissafe masu yawa tare da ma'aunan ruwa na shekarun baya, har ta gane yadda abubuwan ke tafiya, ta riƙa ba da amsa cikin daƙiƙu. Sai dai takan yi kuskure idan ta gamu da abin da ba ta taɓa gani ba. Saboda haka a 2019 masana daga jami'o'in Brown da Pennsylvania a Amurka suka bayyana hanyar ɗaure ta da dokokin fiziks, domin kada amsarta ta saɓa wa ɗabi'ar ruwa.

Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa muhimmancin gargaɗi da wuri. Amma kwamfuta ba ta sanin abin da ba a auna ba. Ɗalibin da ke rubuta ruwan sama da tsayin kogin garinsu kullum, shi ma yana cikin wannan aiki.