Amfilifaya ajin D: Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Galibin ƙananan na'urorin ƙara sauti da suka cika shagunan kayan lantarki a yau 'yan ajin D ne. Harafin ba ya nufin dijital. Suna ne kawai da ya biyo bayan A, B da C.

Tsofaffin na'urori na ajin AB kan ɓarnatar da kaso mai tsoka na wutar da suka ja, ta zama zafi, shi ya sa ake ɗora musu faffaɗan ƙarfen sanyaya. Ajin D kuwa kunna wutar yake yana kashewa sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa guda, sannan a tace ta ta koma sauti. Ta haka kusan kashi 90 cikin 100 ke isa lasifika. Ga gidan da ya dogara da sola da batir, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai lambar da ke jikin kwali na yaudarar mai saye. Guntun TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments, wanda ke cikin da yawa daga masu araha, yana ba kowace lasifika mai om 4 wat 50, amma sai ya samu bolt 21. Idan aka jona shi da batir mai bolt 12, da ƙyar ya kai wat 18, komai rantsuwar mai shago. Don haka a fara tambayar ƙarfin adaftar da za a haɗa da shi, a kuma nemi adadin RMS, ba PMPO ba.

Mai sauraron gajeren zango ya gwada na'urar kusa da rediyonsa tun a shago, domin wadda aka yi wa rowar matata takan cika tasha da ƙara.