Daga Hazon Kano Zuwa Rokar Haya

Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, wani Ba'amurke mai suna John Glenn ya gifta ta saman Kano a cikin wani ɗan kumbo wanda mutum ɗaya ma da ƙyar yake samun wurin miƙe ƙafa. Ya leƙa ta taga, ya shaida wa ma'aikatan da ke ƙasa cewa yana hango ƙura ta turnuƙe. Suka amsa masa cewa ai an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya san Kano a watan Fabrairu ba sai an faɗa masa abin da Glenn ya gani ba. A wancan lokaci hukumar NASA ta jera tashoshin bibiyar kumbo a faɗin duniya, domin kada ɗan sama jannati ya yi nisa babu mai jin muryarsa, kuma ɗaya daga cikinsu a Kano take. Idan ya wuce ta, sai mutanen Zanzibar su karɓe shi.

A wancan zamanin zuwa sama aikin gwamnati ne, gwamnatin ma guda biyu kacal. Tarayyar Sobiyet ta riga kowa da Yuri Gagarin a watan Afrilun 1961, Amurka ta rama da sauka a duniyar wata a 1969. Yau kuwa da wuya mako ya wuce ba ka ga bidiyon wata roka tana tashi a wayarka ba, kuma sunan da ke jikinta na kamfani ne. A 2024 kaɗai kamfanin SpaceX ya harba rokoki sama da 130, wato kusan ɗaya a kowane kwana uku. Labaran sun yi yawa har sun cakuɗe, ana haɗa wasan attajirai da aikin gaske a kwano ɗaya. Ni a ganina mai son fahimtar abin ba ya buƙatar lissafin injiniya. Tambayoyi biyu sun ishe shi: ina rokar ta kai, kuma wa ya biya kuɗin motar?

Mu fara da ta farko, domin nan ne aka fi ruɗewa. Sararin samaniya ba shi da nisa. Iyakar da aka fi amfani da ita kilomita 100 ce daga doron ƙasa, tafiyar da ba ta kai daga Kano zuwa Zariya ba. Hawa can ba shi ne wahalar ba, zama a can shi ne. Duk abin da ka cilla sama zai dawo, sai fa idan ka cilla shi a kwance da gudun da zai sa yana faɗowa ƙasa tana lanƙwashe masa, ya yi ta faɗuwa bai taɓa isowa ba. Wannan shi ne kewaya duniya, kuma yana buƙatar gudun kusan kilomita 28,000 a awa ɗaya. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana can a tsayin kilomita 400, kusan nisan Kano zuwa Abuja, kuma da gudun da take yi ba za ta cika minti ɗaya a wannan hanyar ba.

To, da attajiri Richard Branson ya tashi ranar 11 ga Yulin 2021, Jeff Bezos ya biyo baya bayan kwana tara, ba kewaya duniya suka yi ba. Tsalle suka yi. Rokar New Shepard ta kamfanin Bezos tana miƙewa sama, ta ɗan haura kilomita 100, fasinjoji su kwance bel su yi shawagi na 'yan mintoci, sai kumbon ya dawo da lema. Daga tashi zuwa sauka minti goma ne da ɗoriya, ko shayi bai gama hucewa ba. A irin wannan tafiyar ce Sara Sabry 'yar Masar ta je a 2022, haka ma lauyan nan ɗan Najeriya Owolabi Salis a watan Yunin 2025. Ba raina su nake yi ba, zama a kan tulin man da ke ci da wuta ba wasan yara ba ne. Amma gudun da ake buƙata a kewaya duniya ya ninka nasu kusan sau takwas, kuma a wannan tazarar ce duk tsada da haɗarin suke.

Dalilin tsadar kuwa mai sauƙi ne. Roka kusan dukkanta mai ce. Rokar Falcon 9 ta SpaceX tana da tsayin mita 70, nauyinta ya haura tan 500, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na wannan nauyi tataccen kananzir ne da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa. Man ba shi ne mai tsada ba, injuna da gangar jikin su ne. Amma shekara da shekaru al'adar ita ce a yi amfani da roka sau ɗaya a bar ta ta faɗa teku. Ka ɗauka direban tirela ya ɗauko kaya daga Legas, yana isa Kano aka sauke, sai ya banka wa motar wuta ya tafi sayen sabuwa. Nawa zai caje ka kuɗin dako? Amurka ta gwada maganin wannan da kumbonta mai fikafikai, wanda ya yi tafiya 135 tsakanin 1981 da 2011, sai dai gyaran da ake yi masa bayan kowace dawowa ya cinye ribar. Biyu daga cikin irin waɗannan kumbunan kuma, Challenger a 1986 da Columbia a 2003, sun tarwatse da mutum bakwai-bakwai a ciki.

Da aka ajiye shi a 2011, ƙasar da ta taka wata ta wayi gari ba ta da abin hawa. Shekara tara 'yan sama jannatin Amurka suna zuwa Baikonur a Kazakistan suna shiga kumbon Soyuz na Rasha, kujera ɗaya tana ta hauhawa har ta wuce dala miliyan 80. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sai dai NASA ba ta koma ƙera nata gatarin ba. Ta yanke shawarar zama fasinja. A 2014 ta ba kamfanoni biyu kwangila a kan farashi yankakke: Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX biliyan 2.6. Ku ƙera kumbon, naku ne, mu za mu riƙa sayen kujera, kuma idan kuɗi ya zarce ku cika daga aljihunku. Wannan sauyin, wanda babu hayaƙi babu ƙara a cikinsa, ya fi kowane bidiyon harba roka tasiri.

Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka Boeing ce za ta riga, domin hannunta na cikin harkar tun zamanin Apollo. SpaceX kuwa Elon Musk ya kafa ta ne a 2002, rokarta ta farko ta faɗi sau uku a jere, ta huɗu ce ta kai a watan Satumbar 2008 lokacin da kuɗi ya kusa ƙarewa. Abin da ya raba gardama ya faru ne ranar 21 ga Disambar 2015 a Cape Canaveral, kuma ya cancanci a tsaya a kalle shi da kyau. Minti biyu da rabi bayan tashi, ɓangaren ƙasa na rokar Falcon 9, mai injuna tara, yana rabuwa da na sama. Maimakon ya faɗa teku, sai ya juya kansa, ya sake kunna wuta ya rage gudu, ya buɗe wasu ƙananan fikafikai huɗu masu kama da raga yana saita hanya da su. Dab da ƙasa ya kunna inji ɗaya, ya miƙe ƙafafu huɗu. A nan gizo ke saƙa: tankin ya kusa zama fanko, don haka ko an rage wa injin wuta iya ragewa, ƙarfinsa ya fi nauyin rokar. Ba za ta iya tsayawa cak a iska ta gyara zama ba. Dole gudunta ya ƙare daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa. In ta yi jinkiri ta tarwatse, in ta yi gaggawa ta koma sama. Kwamfuta ce ke wannan lissafi, kuma yanzu akwai rokokin da suka je suka dawo fiye da sau 20.

Ranar 30 ga Mayun 2020 Bob Behnken da Doug Hurley suka tashi daga Florida a cikin kumbon Dragon na SpaceX, karo na farko da kamfani ya kai mutane kewayen duniya. Kumbon Boeing mai suna Starliner sai a watan Yunin 2024 ya ɗauki mutane. Butch Wilmore da Suni Williams sun tafi da shirin kwana takwas, sai iskar hiliyam ta yi yoyo, wasu ƙananan injunan saita hanya suka ƙi aiki. NASA ta ce kumbon ya dawo ba kowa a ciki. Su biyun sai ranar 18 ga Maris, 2025 suka sauko, bayan kwana 286, a cikin kumbon abokin hamayya. An yi ta yayata cewa sun maƙale, amma a tashar suke da abincinsu da aikinsu, kuma akwai kumbon gaggawa a maƙale da ita.

Tunda kujera ta zama ta sayarwa, masu saye sun ƙaru. Saudiyya ta tura Rayyanah Barnawi da Ali Alqarni a watan Mayun 2023 ta hannun kamfanin Axiom, ba tare da ta ƙera ko ƙusa ɗaya ta roka ba. (Mai tambayar yadda ake salla a wurin da rana ke fitowa sau 16 a yini, malaman Malesiya sun zauna a kan wannan tun 2007, da ɗan ƙasarsu Sheikh Muszaphar Shukor zai tafi cikin azumi: ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci alƙibla iya iyawarsa.) Ƙaramin tauraron ɗan Adam na farko na Gana, da wani na Najeriya da Jami'ar Fasaha ta Akure ke da hannu a ƙera shi, Falcon 9 ce ta ɗauke su a 2017. Intanet ɗin Starlink na SpaceX da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka, shi ne ma kayan da ya fi cika waɗannan rokoki. Kamfanin yana yi wa kansa dako ne.

A nan ne nake da ja. An gudu daga dogaro da Rasha, an faɗa dogaro da mutum ɗaya. A watan Yunin 2025, da Musk ya saɓa da Shugaba Trump, ya rubuta cewa zai fara ajiye kumbon Dragon, ya janye maganar bayan 'yan sa'o'i. Ko da wasa yake, a wannan ranar, Amurka ba ta da wani kumbon da zai kai mutum tashar. Sin ba ta cikin wannan tsaka mai wuya, domin tun 2003 da ta harba Yang Liwei take hawa nata, ta kuma kammala tasharta Tiangong a 2022. Shi ya sa nake sa ido kan rokar New Glenn ta Bezos, wadda ta kai kewayen duniya a Janairun 2025, fiye da yadda nake sa ido kan tsallen fasinjojinsa.

Rokar Starship ta SpaceX, mai tsayin mita 120 da injuna 33 a gindi, ita ce ta fi cika allon waya. Ta tarwatse a gwajinta na farko a Afrilun 2023, sannan a Oktobar 2024 ɓangarenta na ƙasa ya dawo hasumiyar da ya tashi, wasu hannuwan ƙarfe biyu suka cafke shi a iska. Abin kallo ne. Amma kafin ta sauke mutum a wata, kamar yadda kwangilar NASA ta 2021 ta tanada, sai an iya ɗura mata mai daga wata roka a can sama, sau da yawa. Idan ka ji an sanya ranar zuwa duniyar Mars, wannan aikin ɗura man za ka fara tambaya.

Ita kuwa tsohuwar tashar, wadda ba ta taɓa zama babu mutum a cikinta ba tun watan Nuwambar 2000, an shirya sauke ta cikin teku bayan 2030, kuma SpaceX aka ba kwangilar ƙera kumbon da zai turo ta. Kafin nan ana iya ganinta da ido. Wani lokaci bayan magariba ko gabanin asuba, in sama ta washe daga hazo, za ka ga wani haske kamar tauraro, ba ya ƙyaftawa irin na jirgi, yana tafiya a natse ta ɓangaren yamma zuwa gabas. Cikin 'yan mintoci ya shiga inuwar duniya ya ɓace.