Ba kowace takardar AA ce ke nufin an tsira ba

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano, cikin watan Mayun 2024, wata magana ta zauna a bakin jama'a: in dai ɗaya daga cikin masu neman auren AA ne, shi ke nan, a raba goro. Galibi haka ɗin ne. Sai dai akwai wata cutar jini ta gado, talasemiya, da ke iya laɓewa a bayan harufan nan biyu, kuma da wuya ka ji an ambace ta a rediyo ko a huɗuba.

A sikila, jiki kan ƙera sinadarin jini na himogulobin a gurɓace. A talasemiya kuwa, abin da yake ƙerawa ne ba ya isa. Mutum kan gaji ƙwayar halitta ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji mai matsala guda lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana kasuwa. Idan irinsu biyu suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar sosai, kuma lissafin sabo ne a kowace haihuwa. Ciwon yayan ba ya fanshe ƙannen. Auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar. Jaririn kan zo garau, sai wajen wata shida ya fara ɗashewa, saifa ta kumbura masa ciki, daga nan sai ƙarin jini duk mako uku ko huɗu.

Mu a nan, nau'in talasemiya mai tsanani da ake kira beta bai kai sikila yawa ba ko kusa. Inda gizo ke saƙar shi ne, gwajin da ƙananan ɗakunan gwaji suka saba yi kan rubuta wa mai ɗauke da ita AA. Ya auri mai AS, sai yaro ya gaji S daga uwa, talasemiya daga uba, ya tashi da ciwon ƙashi irin na sikila, wani lokaci ma takardarsa ta nuna SS. Mai karatu ya san abin da ke biyo baya: "Ni AA ne, to ɗan wa ne wannan?" Mace ta sha zargin da babu mafi muni a gidan aure, alhali rabin cutar daga jinin mai zargin ya fito.

Tarihin da ya kamata jami'anmu su karanta na tsibirin Saifurus ne. Tun 1925 likitan yara Thomas Cooley ya bayyana cutar a Ditiroit ta Amurka, a jikin 'ya'yan baƙi daga gaɓar Bahar Rum, amma Saifurus ce ta ɗanɗana kuɗarta: kusan mutum ɗaya cikin bakwai a can yana ɗauke da ƙwayar. A shekarun 1970 likitoci suka hango cewa jinin da ake bayarwa ba zai ishi masu ciwon ba. Iyayen yaran suka kafa ƙungiya, suka hana gwamnati sakat. A 1983 cocin ƙasar ta fara neman takardar gwaji kafin ɗaura aure. A lura, ba ta hana kowa aure ba. Abin da ta nema shi ne shaidar an gwada, an kuma zaunar da masu neman auren an yi musu bayani. Haihuwar masu cutar ta ragu ƙwarai, ko da yake gwajin ɗan tayi da zubar da ciki sun taka rawa a ciki, abin da malamanmu za su yi dogon zama a kai. Iran ta bi sahu a 1997, Saudiyya ta wajabta gwajin a 2004, kuma duk sun haɗa da talasemiya tun farko.

To mu me muke jira? An yi doka, madalla, amma takarda mai harufa biyu ba tare da mai fassara ta ba rabin aiki ce. Gano mai ɗauke da ƙwayar ba sihiri ba ne. Gwajin ƙidayar jini na yau da kullum yana nuna jajayen ƙwayoyinsa ƙanana ne, sannan na'urar HPLC ta auna wani himogulobin da ake kira A2. In ya haura kashi 3.5 cikin ɗari, a zurfafa bincike. Ya kamata Ma'aikatar lafiya ta fayyace irin gwajin da za a karɓa, ta kuma horar da masu yi wa ma'aurata bayani. Matar da ta yi watanni tana shan maganin ƙarin jini a awon ciki, ana ce mata ba ta cin abinci mai kyau, jinin kuma ya ƙi hawa, ita ce ta farko da ya kamata a auna wa A2.