Auna matsin ido bayan tiyatar leza

Auna matsin ido bayan tiyatar leza yana da wahala, domin tiyatar gyaran gani irin su LASIK, PRK da SMILE tana canza kauri da ƙarfin koniya, wato tantanin gaban ido mai kama da gilashi, wanda a kansa ake yin awon. Matsin ruwan cikin ido na mai lafiya yakan kasance tsakanin 10 zuwa 21 mmHg. Hauhawarsa na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo gilakoma, cutar da ake kira hawan jinin ido, wadda ke lalata jijiyar gani a hankali.

Dalilin kuskuren awo

Na'urar da likitocin ido suka fi dogara da ita ita ce ta Goldmann, wadda Hans Goldmann ya ƙirƙira a Suwizalan a shekarun 1950. Tana danna tsakiyar koniya har sai wuri mai faɗin milimita 3.06 ya baje, sannan a lissafa matsin daga ƙarfin da aka yi amfani da shi. An tsara ta ne a kan koniya mai kaurin kusan rabin milimita. Idan an yi wa mai matsalar hangen nesa tiyata, leza tana kankare tsakiyar koniyar. Koniyar da ta yi siriri ba ta da wuyar dannuwa, don haka na'urar kan nuna adadi ƙasa da na gaskiya.

Wannan kuskure yana da haɗari. Masu matsalar hangen nesa dama sun fi wasu kamuwa da gilakoma, kuma maganin ɗigawa na sitiroyid da ake bayarwa bayan tiyata kan ɗaga matsin idon wasu. Bayan LASIK, ruwa na iya taruwa a ƙarƙashin ɓallen da aka ɗaga aka mayar, sai awo ya nuna ƙasa sosai alhali matsin ya yi sama. A irin wannan hali akan auna daga gefen koniya da na'urar Tono-Pen.

Wasu hanyoyi

Akwai ƙa'idojin lissafi na gyara adadin gwargwadon kaurin koniya, amma ba abin dogaro ba ne sosai, tunda ba kauri kaɗai ke canzawa ba. Na'urorin Pascal, Ocular Response Analyzer da Corvis ST ba sa ruɗuwa da canjin koniya kamar ta Goldmann, sai dai ba kowane asibiti ke da su ba.

Shi ya sa likitoci ba sa tsayawa ga adadin kaɗai; sukan duba jijiyar gani da faɗin abin da ido ke iya hange. Ana shawartar wanda aka yi wa tiyatar ya adana sakamakon awonsa na kafin aiki, kuma ya sanar da duk likitan idon da zai duba shi, ko da bayan shekaru ne.