Usman Samben: Ɗan Dakon Da Ya Zama Marubuci

A kudancin ƙasar Sanigal akwai wani gari a bakin kogi, sunansa Ziginshor. Nan aka haifi Usman Samben a shekara ta 1923. Ubansa masunci ne, talaka. An sa yaron lakwal, amma bai daɗe ba. Yana da shekara 13 ya samu saɓani da shugaban lakwal ɗin, aka kore shi. Bai fita da takardar shaida ko guda ba.

Daga nan sai neman abinci. Ya tafi Dakar, babban birni, ya koyi gyaran mota, ya yi aikin gini. A shekara ta 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, Faransawa suka ɗauke shi soja. A nan ƙasar Nijar ya yi wani sashe na aikin sojansa.

Karatu da girma

Bayan yaƙi aiki ya yi wuya a Dakar. Samben ya shiga jirgin ruwa a ɓoye, ya sauka Faransa. A birnin Marsai ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, yana sauke buhuna da akwatuna. Ya shiga ƙungiyar ma'aikata, watau sandika. Ƙungiyar tana da ɗakin littattafai. In an tashi daga aiki, sai ya je can ya yi karatu.

A shekara ta 1951 ya ji mugun rauni a ƙashin baya wurin dako. Ya yi watanni yana jinya. Da ya warke, ɗaukar kaya ta gagare shi, aka ba shi aiki marar nauyi. Lokacin da ya samu, sai ya zuba shi cikin karatu da rubutu. Ya lura littattafan da ke maganar Afirka, yawancinsu baƙi suka rubuta su. Babu ɗan dako a ciki, babu magini, babu matar talaka. Ya ƙudura shi zai rubuta labarinsu.

Littafinsa na farko ya fito a 1956, yana da shekara 33, kuma labarin wani ɗan dako ne baƙar fata. A 1960 ya fitar da wanda ya fi suna, "Les Bouts de bois de Dieu". Littafin yana ba da labarin yajin aikin da ma'aikatan jirgin ƙasa na hanyar Dakar zuwa Bamako suka yi daga watan Oktoba 1947 zuwa watan Maris 1948. Sun nemi a daidaita haƙƙinsu da na Turawa masu aiki iri ɗaya da su. Sun yi wata biyar da kwanaki ba albashi. Samben ya nuna yunwar da aka sha, ya kuma nuna yadda mata suka riƙe gidaje har aka ci nasara.

Wa zai karanta?

Da Sanigal ta samu mulkin kai a 1960, Samben ya komo gida, ya zaga ƙasashen Afirka. Can ya ga wata babbar matsala. Littattafansa da Faransanci suke. Mutanen da ya rubuta dominsu, yawancinsu ba su jin Faransanci, ba su kuma iya karatu ba.

Sai ya sake komawa ɗalibi. Yana kusa da shekara 40 ya tafi Mosko koyon aikin silima, don hoto da magana suna isa wurin da takarda ba ta kai ba. Shi a wurinsa silima makarantar dare ce ta talakawa. A 1963 ya yi ɗan gajeren fim a kan wani mai amalanken doki a Dakar. A 1968 ya yi "Mandabi", aka yi magana a ciki da Wolof, harshen da mafi yawan mutanen Sanigal ke ji.

Labarin manda

Manda ita ce takardar da ake karɓar kuɗi da ita a gidan waya. A cikin fim ɗin akwai wani magidanci, Ibrahima Jeng, mai mata biyu da ɗiya bakwai, ba shi da aiki. Ɗan ƴar'uwarsa, mai sharar titi a Paris, ya aiko masa da manda ta jika 25. Tun kuɗin ba su zo hannu ba, labari ya bazu cikin unguwa. Mai kanti ya ba da bashi, maƙwabta suka yi ta sallama.

A gidan waya aka ce sai ya kawo katin shaidar ɗan ƙasa. Wurin katin aka ce sai takardar haihuwa da hoto. Ibrahima bai iya karatu ba. Kowace ƙofa sai ya nemi wanda zai karanta masa, kowa kuma sai ya ci nasa. A ƙarshe ya wakilta wani ɗan boko ya karɓo masa kuɗin. Mutumin ya karɓa, ya komo ya ce an sace.

Masu kallo sun yi dariya, amma kowa ya gane kansa ko maƙwabcinsa. Fim ɗin ya nuna laifi biyu: duhun kai da ke sa a cuci mutum, da mai ilimin da ke cin amanar wanda ba shi da shi.

Abin da ya bari

Samben bai tsaya ga silima ba. A farkon shekarun 1970, shi da abokansa suka kafa jarida da Wolof, sunanta "Kaddu", don mutane su karanta labari da harshen da suka tashi da shi. Ya ci gaba da aiki har tsufa. Fim ɗinsa na ƙarshe, "Moolaadé", ya fito a 2004, yana yaƙi da kaciyar mata. Ya rasu a Dakar ran 9 ga watan Yuni 2007, yana da shekara 84.

Yau ana kiransa uban silimar Afirka, ana kuma karanta littattafansa a makarantun ƙasashe da yawa. Jama'a, ga abin lura: wannan mutum da girmansa ya nemi ilimi, bayan ya tashi daga dako. Da ya samu, bai juya wa talakawa baya ba, gare su ya mai da shi.