Tsara Batirin Dogon Zango na Jirgi Maras Matuƙi Mai Ɗaukar Hoto: Nauyi, Zafi da Buɗaɗɗen Tsari

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake tsara batirin haɗin gida domin ƙara wa jirgi maras matuƙi mai ɗaukar hoto nisan zango, da kuma sharuɗɗan da ke sa irin wannan tsari ya amsa sunan buɗaɗɗe. Maƙalar ta nuna cewa daɗewar jirgi a sama ta rataya ne a kan daidaito tsakanin makamashi da nauyi da zafi, kuma ninka batir ba ya ninka lokacin shawagi. An kawo misali da lissafi, sannan an fayyace matakan haɗawa da haɗurran da ke tattare da su.

Fitilun Kalmomi: batir, litiyom, jirgi maras matuƙi, buɗaɗɗen tsari

1.0 Gabatarwa

Jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu ya zama kayan aiki ga masu ɗaukar bidiyon biki da hawan salla, da masu shirya finafinai, da masu auna filaye da gonaki. Babban abin da ke taƙaita aikinsa shi ne batir. Yawancin ƙananan jiragen kasuwa ba sa cika awa guda a sama. Alal misali, jirgin Mini 3 Pro na kamfanin DJI na ƙasar Sin yana yin minti 34 da batirinsa na asali, ko minti 47 da babban batirin da kamfanin ke sayarwa daban. Sai dai babban batirin yana sa nauyin jirgin ya haura giram 250, wato iyakar da ƙasashe irin su Amurka ke amfani da ita wajen wajabta rajista.

Irin waɗannan batura rufaffu ne. Kowanne yana ɗauke da ƙaramin allon lantarki da ke musayar bayanai da jirgin, kuma jirgin na iya ƙin tashi idan bai gane batirin ba. Wannan ne ya sa masu sha'awar haɗa nasu batir suka fi karkata ga jiragen da ke aiki da buɗaɗɗun manhajoji kamar ArduPilot da PX4 da INAV da Betaflight, waɗanda ke ba mai jirgi damar saita ma'aunan batir da kansa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Batirin jirgi tarin ƙananan rumbunan caji ne, kowane ɗaya ana kiran sa ƙwaya a wannan maƙala. Matsin lantarki shi ne ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, ana auna shi da bolt. Kwararar lantarki ita ce yawan wutar da ke gudana a lokaci guda, ana auna ta da amfiya. Yawan cajin da ƙwaya ke riƙewa ana rubuta shi da alamar mAh, kuma dubu ɗaya daga cikinsa daidai yake da amfiya ɗaya na tsawon awa guda. Idan aka ninka matsi da yawan caji, sai a sami makamashi, wanda ake aunawa da wat-awa.

Ana haɗa ƙwayoyi ta hanya biyu. Haɗin jeri, inda kan wannan ke taɓa gindin waccan, yana ƙara matsi, kuma harafin S ne alamarsa. Haɗin kafaɗa-da-kafaɗa, inda kawuna ke haɗuwa wuri guda, gindaye ma haka, yana ƙara yawan caji, kuma alamarsa P ce. Saboda haka 6S2P na nufin rukuni shida a jeri, kowane rukuni da ƙwaya biyu, jimla goma sha biyu.

3.0 Zaɓin Ƙwaya

Kamfanin Sony ne ya fara fitar da batirin litiyom-ayon kasuwa a shekarar 1991, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda aikinsu a kansa. A yau masu jirage suna zaɓi tsakanin nau'i biyu na wannan dangi. Na farko shi ne LiPo, mai siffar 'yar jaka shimfiɗaɗɗiya, wanda ke iya fitar da wuta mai yawa nan take. Na biyu shi ne mai siffar gwangwani, kamar 18650 mai faɗin milimita 18 da tsawon 65, ko 21700 mai faɗin milimita 21 da tsawon 70. Mai gwangwani ya fi riƙe makamashi a kowane giram na nauyinsa, amma kwararar da yake jurewa ba ta kai ta LiPo ba. Don haka shi ya fi dacewa da tafiya mai nisa cikin natsuwa, LiPo kuwa da tsere da juye-juye.

A cikin masu gwangwanin ma akwai bambanci. Ƙwayar Molicel P42A, nau'in 21700, tana riƙe 4200 mAh, tana jure amfiya 45, nauyinta kusan giram 70. Samsung 30Q, nau'in 18650, tana riƙe 3000 mAh, tana jure amfiya 15. Ƙwayoyin da ake cirowa daga tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka an ƙera su ne domin fitar da wuta kaɗan-kaɗan, ga kuma tsufa, saboda haka ba su dace da jirgi ba ko da suna kunna fitila lafiya lau. Haka nan kasuwa cike take da jabu. Ingantacciyar 18650 ba ta wuce kimanin 3500 mAh da yawa ba, don haka duk wadda aka rubuta wa 9900 mAh a jiki ƙarya ce aka shafa mata.

4.0 Lissafin Nauyi da Lokacin Shawagi

Nan ne ginshiƙin tsarin yake. Ƙa'idar farfela ta nuna cewa ƙarfin da jirgi ke buƙata domin tsayawa a sama yana ƙaruwa fiye da yadda nauyinsa ke ƙaruwa: idan nauyi ya ninka biyu, ƙarfin da ake buƙata ya kan ninka kusan sau 2.8. Ke nan kowane giram na batir da aka ƙara yana kawo makamashi, yana kuma cinye wani kaso nasa wajen ɗaukar kansa.

A ƙaddara akwai jirgi mai nauyin giram 700 ba tare da batir ba. Idan aka haɗa masa 6S1P na P42A, matsinsa na tsaka-tsaki bolt 21.6 ne, makamashinsa kusan wat-awa 91, nauyinsa da wayoyi da rufi kusan giram 450. Jimlar nauyi ta zama giram 1150. A ƙaddara kuma jirgin yana cin wat 180 a tsaye. Idan aka yi amfani da kashi 80 cikin ɗari na cajin, za a sami kusan minti 24. Da za a ninka batirin ya koma 6S2P, makamashi zai kai wat-awa 181, nauyi ya tashi zuwa giram 1600, ƙarfin da ake buƙata ya kai kusan wat 295, lokacin shawagi kuwa kusan minti 30 kacal. An ninka kuɗi da nauyin batir, amma ribar ba ta wuce minti shida ba.

Bisa lissafin ƙa'ida, lokacin shawagi yana kai ƙololuwarsa ne idan nauyin batir ya ninka na sauran jirgin sau biyu. Daga nan duk ƙari ragi ne. A aikace ana tsayawa tun kafin nan, domin injinan farfela suna zafi, sarrafa jirgin kuma yana wuya. Sau da yawa rage nauyin jirgi, ko sanya farfela mai faɗi da ke juyawa a hankali, ya fi ƙarin ƙwayoyi amfani.

Nisan zango kuma ba daidai yake da lokacin shawagi ba. Jirgin da ya tafi iska na tura shi zai dawo yana kokawa da ita, don haka rabin caji ba ya isar dawowa. Wajibi ne a ware wani kaso na ajiya tun kafin tashi.

5.0 Matakan Haɗawa

Matakin farko shi ne tantance ƙwayoyi: su kasance samfuri ɗaya, sababbi, matsinsu da turjiyarsu ta ciki kusan daidai. Ƙwaya ɗaya mai rauni a jeri ita ce za ta fara ƙarewa, ta kuma jawo sauran ƙasa.

Ana haɗa su da siraran sassan ƙarfen nikel masu kaurin milimita 0.15 zuwa 0.2, ta hanyar waldar ɗigo, wadda ke narka wuri ƙanƙane cikin ƙiftawar ido. Liƙi da dalma kai tsaye a kan ƙwaya yana shigar da zafi ciki, yana iya lalata ta. Ya kamata a tabbatar nikel ɗin zalla ne, domin baƙin ƙarfe da aka shafa wa nikel ya fi turjiya, ya fi kuma zafi. Gwangwanin ƙwaya gaba ɗayansa ɓangaren gindi ne, kuma yana zagaye da kan ƙwayar, saboda haka ana manna zoben takarda mai hana wuta ratsawa a kai kafin walda. Daga nan sai a saka manyan wayoyi da mahaɗi irin XT60, da ƙananan wayoyin daidaita caji da ke zuwa kowane rukuni, a naɗe da roba mai tsukewa da zafi.

Batun allon kula da batir yana buƙatar lura. Allon da ake sa wa keken lantarki yana yanke wuta idan matsi ya faɗi, wanda a jirgi ma'anarsa faɗowa daga sama. Abin da ya dace shi ne allon da ke aunawa ya aika gargaɗi, ya bar wa manhajar jirgi hukuncin sauka. Haka kuma dole a sake saita iyakar gargaɗi, domin ƙwayar gwangwani tana cika a bolt 4.2, tana iya sauka har 2.5, alhali masu LiPo kan sauko tun matsi yana kusan 3.5.

6.0 Zafi, Haɗari da Doka

Kowace ƙwaya tana da turjiya a cikinta. Idan turjiyar om 0.02 ce, aka ja amfiya 20, matsi zai faɗi da bolt 0.4, wat 8 kuma ya koma zafi a cikin ƙwayar. Masu ƙera ƙwayoyi kan iyakance caji tsakanin digiri 0 da 45 a ma'aunin Selshiyos. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40, tazarar da ta rage kaɗan ce. Iska mai zafi kuma ba ta da kauri, don haka farfela na buƙatar ƙarin ƙarfi. Tsarin da aka gwada a ƙasa mai sanyi yana buƙatar sabon gwaji a nan. Ƙwayar da ta huje, ko ta yi zafi fiye da kima, tana iya kamawa da wuta mai ciyar da kanta, ta harbi maƙwabtanta. Saboda haka ba a cajin batirin da ya sauko da zafi, ba a barin sa cikin mota a rana, kuma ana ajiye shi da kusan rabin caji.

Ta fuskar doka, ƙa'idar jiragen fasinja ta yarda da batirin da bai wuce wat-awa 100 ba a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi. Fiye da haka an hana. Ke nan 6S1P na misalin da ya gabata zai wuce, 6S2P kuwa ba zai wuce ba. A Najeriya hukumar NCAA ce ke kula da izinin tashin jirage marasa matuƙa, kuma dogon zangon batir ba ya ba mai jirgi izinin wuce iyakar da doka ta gindaya masa.

7.0 Abin da Ke Sa Tsari Ya Zama Buɗaɗɗe

Ɗora hoton batir a intanet bai isa ba. Buɗaɗɗen tsari yana buƙatar jerin kayan da aka yi amfani da su, da zanen haɗin wayoyi a manhaja irin KiCad, da zanen akwatin batir a FreeCAD ko OpenSCAD, da lasisin da ya halatta kwaikwayo da gyara, kamar lasisin buɗaɗɗun na'urori na cibiyar CERN wanda aka fitar da bugunsa na biyu a 2020. Mafi muhimmanci shi ne sakamakon gwaji: nauyin jirgi, zafin ranar, kwararar wuta, da zafin ƙwayoyi bayan sauka. Da waɗannan ne wani zai iya maimaita aikin, ya gano kuskure kafin kuskuren ya zama gobara.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa batirin dogon zango yana farawa ne daga sikeli da lissafi kafin a kai ga walda. Ingantacciyar ƙwaya, da nauyin da bai wuce kima ba, da la'akari da zafin wurin aiki, su ne ke tabbatar da jirgi ya je ya dawo. Masu gyaran waya da masu haɗa fitilun sola a kasuwannin ƙasar Hausa sun riga sun saba da waɗannan ƙwayoyi a hannu. Samar musu da bayanin lissafin da Hausa, da daidaitattun kalmomi, aiki ne da ke jiran masana harshe da injiniyoyi su haɗa hannu a kansa.