Likitoci Masu Kaki a Sansanin Za'atari

Yau shirin namu na musamman zai leƙa ƙasar Jodan, inda aka buɗe sansanin Za'atari kusa da garin Mafraq a watan Yulin 2012, domin 'yan Siriya da yaƙi ya koro, akasarinsu daga lardin Dar'a.

Cikin masu tsallako iyaka da tsakar dare akwai mai harsashi a cinya, akwai wanda ɓaraguzan bam suka yi wa kaca-kaca. A watan Agustan shekarar, Maroko ta kafa asibitin soja cikin tantuna, Faransa ma ta turo likitocin tiyatarta na soja, Faransawan suka zauna har Nuwamban 2013.

To me ya sa sai soja? Domin raunin yaƙi shi ne abin da suka ƙware a kai. Inda harsashi ya shiga kan zama ɗan ƙaramin rami, amma can ciki ya dagargaza nama, ya ja ƙasa da yagaggen tufa ya cusa. Likita zai faɗaɗa raunin, ya yanke duk naman da ya mutu, ya wanke tas, sannan ya sa bandeji ya bar shi a buɗe. Sai bayan kwana huɗu zuwa biyar, in bai ruɓe ba, a ɗinke. Dangin majiyyaci kan ɗauka sakaci ne. Ina! Ɗinkin gaggawa shi ke kulle ƙwayoyin cuta a ciki, har ta kai ga yanke ƙafa. Wanda ya zubar da jini da yawa kuwa ba a yi masa doguwar tiyata: a tsayar da jinin, a toshe hanjin da ya huje, a bar shi ya farfaɗo, sauran gyara sai gobe ko jibi.

Sai dai fa akwai ƙura. Mutumin da masu kaki suka kora daga gidansa, ga shi kwance gaban wani mai kakin. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya ma sun tanadi kada a nemi soja a aikin jinƙai sai in babu makawa. Ni dai a ganina, muddin likitan bai tambayi ɓangaren da majiyyaci yake ba, kamar yadda Yarjejeniyar Janeba ta shar'anta, ba laifi ya kama aiki.

Da tafiya ta miƙa, aikin ya sauya. Sojojin Faransa suka shiga yi wa yara rigakafin ƙyanda, a asibitin Maroko kuma ana ta karɓar haihuwa, wasu matan har da tiyata.